Wane Irin Addini Ake Koya wa 'Ya'yanmu a Aji?

Jawabi ga taron iyaye da dattawan ikilisiya a Kongo, Zariya



Mun saba tambaya ko akwai malamin addinin Kirista a makarantar da yaranmu suke. Wannan hakkinmu ne, gama sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. A 2017 ma, da ƙorafi ya yi yawa kan haɗa darasin addinin Kirista da na Musulunci a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ƙungiyar CAN ta yi magana, gwamnati kuma ta ce a raba su. Amma akwai tambaya ta biyu da ba mu cika yi ba: shi malamin, me ya ɗauki addini? Abin da ke cikin tulu shi ake tsiyayawa a moɗa.

Wani malami ya ɗauki addini darasin cin jarrabawa ne. Yaro zai haddace sarakunan Isra'ila da tafiye-tafiyen Bulus, ya ci WAEC, amma bai taɓa jin cewa Allahn nan yana magana da shi ba. Wani kuma ya ɗauke shi ladabi kawai: kada ka yi sata, ka gai da manya. Wannan yana da kyau, sai dai ba a ambaci gicciye da alheri ba.

Na ukun ya fi damuna, wato malamin da ya mai da addini ƙabila, "mu" da "su". A ajinsa ɗan Bahaushe Kirista yakan rasa wurin tsayawa, kamar sai ya bar harshensa kafin ya bi Yesu. Alhali makarantar da Likita Mila ya fara a cikin birnin Zariya, wadda ta koma Wusasa a 1929, 'ya'yan Hausawa ta koyar, Littafi Mai Tsarki kuma ya fito cikakke da Hausa tun 1932. Kada mu manta cewa wutar watan Maris na 1987, wadda ta cinye majami'u a garin nan, a kwalejin horar da malamai ta Kafanchan ta tashi.

Yakubu, a ƙarshen sura ta fari ta wasiƙarsa, ya auna addini da yadda mutum ke kula da marayu da gwauraye, da yadda yake tsare kansa a gaban Allah. A sura ta uku ya gargaɗi masu koyarwa cewa shari'arsu za ta fi tsanani. Malamin da muke nema shi ne wanda zai nuna wa yaro cewa addini zaman mutum ne da Mahaliccinsa, zaman da maƙwabci zai gani a hali. Irin wannan malami zai faɗi bangaskiyarmu sarai, ba tare da ya zagi ta Musulmin da ke aji na kusa ba.

Saboda haka, dattawa, ku ziyarci malaman nan, ku san su. Ɗaliban koyon malanta da ke sujada tare da mu a nan Kongo, mu ja su a jiki tun kafin su riƙe alli. Iyaye, ku riƙa tambayar yaro da yamma, "Me malam ya ce game da Allah yau?"

Ubangiji ya ba mu malamai masu tsoronsa. Amin.