Kifin koi da kududdufin bayan gida

Yau maganarmu a kan kududdufin kifi take, amma za mu fara da wani kifi da yawancinmu ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Sunansa koi. Jikinsa da ja da fari da baƙi, masu hali kuma suna ajiye shi a lambu don kallo kawai. A shekarar 2018 an sayar da guda ɗaya a Japan a kan yen miliyan 203.

Asalinsa kuwa abincin talaka ne. Manoman shinkafa na kan duwatsun Niigata a Japan suna kiwon baƙin kifi a kududdufan da suke tara ruwan gona, don su sami na miya in dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi. A ƙarni na 19 wasu kifayen suka fito da launi, sai manoman suka riƙa ware su suna haɗa su. Sauran mutanen ƙasar sun san shi sosai ne bayan baje kolin Tokyo na 1914.

Ba mu ce ku nemi koi ba. Yana da tsada, zafin bazararmu kuma zai wahalshe shi. Karfasa da tarwada su ne namu. Amma abin da mai koi yake fama da shi, shi za mu yi fama da shi: ruwa.

Kafin a ɗauki diga, a gwada ƙasa. A jiƙa ta, a dunƙula, a jefa sama a cafe. In ta wargaje, yashi ya yi yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. In ta tsaya, sai a haƙa ɗan rami a cika shi da ruwa a duba washegari. Kwana ɗaya ne wannan gwajin, amma yana hana asarar aikin gayya na mako biyu. A guji wurin da ruwan sama yake gangarowa daga gonar da aka yi wa feshi, domin maganin kwari yana kashe kifi. Zurfi ya kai kamar mita 1, gefe ɗaya ya fi ɗaya zurfi, a kuma daɓe bangon da kyau.

Mai koi yana son ruwa garau don ya ga kifinsa. Mai karfasa kuwa ruwa kore-kore yake so, domin wannan koren abinci ne, kuma ɗan takin kaji ke kawo shi. Ku sa hannu cikin ruwan har gwiwar hannu. In tafin ya ɓace tun kafin ku kai nan, taki ya yi yawa, a dakata.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ciyarwa. Mutum ya ga kifi na rububi, sai ya ƙara zuba dusa don tausayi. Abin da ba su cinye ba yana ruɓewa a ƙasa, ya cinye iskar da suke shaƙa. Ku ba su abin da za su gama cikin 'yan mintoci. Ku kuma leƙa da asuba, domin lokacin ne iska ta fi ƙaranci a ruwa. In kun ga karfasa sun taso sama suna hamma, a tsayar da abinci ranar, a rage tsohon ruwa a zuba sabo. Tsohon ruwan kada a zubar a banza, alayyafo da tumatir suna sonsa.

Sai shinge. Zalɓe da guza za su ɗauki rabonsu in an bar su, wannan asarar kifi ce. Amma ruwa mai zurfin mita 1 ya isa ya ci yaron da yake rarrafe. Kududdufin da ke kusa da gida, a kewaye shi a sa masa ƙofa tun kafin a zuba ruwa. In kuma na ƙungiya ne, kamar zumuntar mata ko matasa, a rubuta sunan mai ciyarwa na kowace rana, don kada mutum uku su ciyar ran Litinin, Talata kuma ba kowa.