Yawan Zama Bashi Ne, Aljihu Ke Biya

Yau da ku muke: tela a kan keke, direba a kan sitiyari, mai shago a bayan kanta, da ma'aikacin da ke wuni gaban kwamfuta.

A 1953, wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon bincikensa kan lafiyar ma'aikatan bas masu hawa biyu. Direba na zaune tun safe, kwandasta kuwa hawa yake yana sauka wajen karɓar kuɗin mota. Sai ga shi ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Dalili kuwa, in ƙafa ta daɗe ba motsi, tsoka ba ta jan sukarin jini yadda ya kamata, kitse ya taru, hawan jini da ciwon suga su samu ƙofa.

A 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa daga 2020 zuwa 2030, kusan mutum miliyan 500 za su kamu da irin waɗannan cututtuka saboda rashin motsa jiki, kuma jinyarsu za ta ci dala biliyan 27 duk shekara.

To a Najeriya, mafi yawan kuɗin jinya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Ciwon suga ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Kullum ƙwaya ko allura, ga gwaji, ga kuɗin mota zuwa asibiti. In ya lalata ƙoda, sai wanki sau biyu ko uku a mako. Nan ne ake ɗaga fili, a sayar da gona, jari ya karye. In ɓarin jiki ya shanye, shago ya rufe, mai jinya ma ya ajiye sana'arsa.

Me za a yi? Kada rabin awa ta wuce ba ka miƙe ka taka ba. Maigida, taka zuwa masallaci, bar babur ya huta. Uwargida, ɗauko abin da kanki, ba komai ake aiken yara ba. Hukumar ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa, kwana biyar. Sannan a riƙa auna jini da suga tun jiki bai yi ƙara ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya.