Gishirin Teku da Tsofaffin Itatuwan Galveston



Duk lokacin da mahaukaciyar guguwa ta afka wa garin da ke bakin teku, abin da ake fara nuna mana shi ne rufin gidaje da ya yaye da turakun lantarki a kwance. Su ake ƙirgawa, su kamfanonin inshora ke biya, su kuma ake mayarwa cikin 'yan shekaru. Hujjar da nake son kafawa a yau ita ce, asarar da ta fi jinkirin warkewa a irin waɗannan garuruwa ita ce ta tsofaffin itatuwa, kuma laifin da ake ɗora wa iska a kan wannan asara, kaso mai tsoka daga cikinsa na ruwan gishiri ne da na hannun mutane.

Mu ɗauki Galveston, wani gari da ke kan tsibiri a jihar Texas ta Amurka. Ranar 8 ga Satumba 1900 guguwa ta tura teku kan garin, mutum tsakanin 6,000 zuwa 12,000 suka halaka. Waɗanda suka tsira suka gina ganuwar siminti mai tsayin kusan mita 5 a fuskar teku, suka zuƙo yashi daga ƙarƙashin ruwa suka ɗaga ƙasar garin, sannan ƙungiyoyin matan garin suka dage da dashen itatuwa a tituna. Daga cikin abin da aka dasa har da itacen ok mai ganye kore rani da damina, wanda rassansa ke shimfiɗuwa kamar na gamji. Shekara ɗari da takwas bayan haka, ranar 13 ga Satumba 2008, guguwar Ike ta iso. Abin sha'awa, Ike ta samo asali ne daga hadarin da ya fita daga gaɓar yammacin Afirka a ƙarshen Agusta, kamar yadda manyan guguwoyin Atlantika da yawa ke yi a lokacin daminarmu. Ganuwar ta tare fuskar teku, amma ruwa ya zagayo ta bayan tsibirin inda babu katanga, ya malale unguwanni. Itatuwa da yawa sun wayi gari a tsaye, rassansu lafiya. Sai dai gishiri ya riga ya sauka cikin ƙasa, kuma gishiri idan ya kewaye saiwa yakan hana ta shan ruwa, har ya zuƙe wanda ke cikinta. Da an sami ruwan sama mai yawa da ya wanke ƙasar, amma sai fari ya biyo baya. Ƙiyasin da aka yi ya nuna kusan itatuwa 40,000 ne suka mutu a tsibirin, a tsaye, sannu a hankali. Wasu kututtukan masassaƙa suka mayar da su siffofin tsuntsaye da dabbobi, har masu yawon buɗe ido na zuwa kallo. Fasaha ce mai kyau, amma babu mai shan inuwa a gindinta.

Haka aka gani a New Orleans bayan guguwar Katrina ta 29 ga Agusta 2005, lokacin da kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, ruwa mai gauraye da gishiri ya kwanta makonni a kan saiwoyi. Ba na musun ƙarfin iska. Wani bincike da masanan Jami'ar Tulane suka jagoranta, aka buga a mujallar Science a 2007, ya ƙiyasta cewa Katrina ta kashe ko ta raunata manyan itatuwa kusan miliyan 320 a dazuzzukan yankin, kuma can cikin ƙasa aikin iska ne. Amma a garin Long Beach na jihar Mississippi, kusa da bakin ruwa, akwai itacen ok da ake ba shi shekara fiye da 500, wanda ya ga guguwar Camille a 1969, ya ga Katrina, bai faɗi ba. Tsufa kaɗai ba ya kayar da itace.

Na san abin da wani zai ce: itatuwa na faɗa wa gidaje, suna tsinka wayoyin lantarki, suna tare hanyar motar asibiti, har suna kashe mutane, me zai hana a sare manyan tun kafin lokacin guguwa? Wannan tsoro yana da tushe, kuma wanda reshe ya fasa wa ɗaki ba a yi masa lacca. Amma mu duba waɗanne itatuwa ne ke faɗuwa. Masu binciken Jami'ar Florida sun bi sawun guguwoyi tun daga Andrew ta 1992, suna ƙirga abin da ya faɗi da abin da ya tsaya. Sun gano cewa ok mai kore ganye da wasu nau'o'in dabino na daga cikin masu juriya, yayin da sauran dangin ok masu saurin girma da saurin ruɓewar ciki ke karyewa. Sun kuma gano cewa itatuwan da ke rukuni sun fi wanda ke shi kaɗai tsira, haka ma wanda saiwarsa ta sami fili. To wa ya takure saiwar tsakanin kwalta da kwalbati? Wa ya datse ta lokacin haƙa ramin bututu, wa ya yi wa rassan sarar ganganci har ruɓa ta shiga? Itacen da aka yanke wa ƙafa shekara goma da suka wuce, guguwa ƙarasa shi kawai take yi. Ga kuma gaggawar bayan guguwa, inda injin yankan katako ke bin duk itacen da ganyensa ya zube, alhali zubar da ganye na ɗaya daga cikin hanyoyin da itace ke rage wa kansa dukan iska, kuma da yawa sukan sake toho idan aka ba su lokaci.

Akwai ƙalubale na biyu, wanda ya fi na farko nauyi: itatuwan titi ba sa tare tumbatsar teku, don haka kuɗin gari ya tafi ga ganuwa da magudanan ruwa. Na yarda. Ruwan da ya haura mita 8 a garin Pass Christian na Mississippi lokacin Katrina babu kurmin da zai tsayar da shi. Amma Galveston ta nuna cewa ganuwar da ta kare fuska ɗaya ta bar keya a buɗe ba ta ceci itatuwa ba, ba ta kuma hana ruwa shiga ɗakunan da ke ƙarƙashinsu ba. Magudanar da ke fitar da ruwan gishiri da sauri, da tanadin ruwan daɗi don wanke gindin manyan itatuwa a makonnin farko, aiki ne da za a iya sa shi cikin tsarin agajin gaggawa tun kafin watan Yuni, lokacin da kakar guguwar Atlantika ke kamawa. Gidan da Ike ta rushe magini ya tayar da shi cikin watanni. Dashen da aka yi a madadin itatuwan titin Broadway na Galveston kuwa, sai jikokin masu dashen ne za su ga rassansa sun haɗe a saman hanya.