DUTSEN SAMA DA YARA BA SU GANI BA

Jawabi domin karantawa a cibiyoyin yaƙi da jahilci



Zancen yau zancen dutse ne. Amma sai an fara da wani ɗan gari mai nisa, sannan a komo gida.

A ƙasar Amurka, cikin jahar Ohayo, akwai wani gari ana ce da shi Wapakoneta. Ƙaramin gari ne, mutanensa kimanin 10.000, bai ma kai Tasawa ba. Nan aka haifi Nil Amstiron, mutumin da ya fara taka wata a shekarar 1969. Tsofaffi ba su manta ba. Ita ce shekarar kumbo Apolo 11, wanda Mamman Shata ya yi wa waƙa, wanda kuma aka laƙaba wa ciwon idon nan sunansa har yau.

A 1972 aka buɗe wani ɗan gidan kallo a garin, na ilimin sararin sama. Iyaye suna kai yaransu, malaman lakwal suna kai ƴan ajinsu. Yara suna ganin ƙaramin jirgin da Amstiron ya koyi tuƙi da shi tun yana saurayi. Suna ganin kumbon da ya shiga a 1966, da rigarsa ta zuwa sama. Daga nan sai a kai su gaban wani gilashi. A cikin gilashin akwai ɗan dutse, ba kyau gare shi ba, ba ya walƙiya. A kan hanya ba wanda zai duƙa ya ɗauke shi. Amma a gefensa an rubuta cewa daga wata aka kawo shi, a shekara kaza. Yaron da ya karanta wannan sai ya tsaya. Sai tambaya ta fara: yaya aka je? Yaya aka dawo? Me suka ci a hanya?

To, mutanen Amurka sai da suka kashe dukiya mai yawa kafin su samu dutsen sama. A ƙasar Nijar shi yake zuwa da kansa.

Kowa ya taɓa kwana waje lokacin bazara, ya ga wani haske ya keta sama ya ɓace. Mutane su ce tauraro ya faɗi. Ba tauraro ba ne. Kaza da ƴaƴanta suna nan, Zara tana nan, ba wanda ya ragu. Ɗan tsakuwa ne mai yawo a sarari, sau da yawa bai fi ƙwayar hatsi ba. Yana shigowa cikin iskar duniya da gudun da ya fi kilomita 11 cikin sakan guda. Da irin wannan gudu, daga Maraɗi zuwa Damagaram bai kai rabin minti ba. Zafin gudun ke ƙone shi, ƙunar ce ake gani. In dutsen babba ne, ba ya ƙonewa duka. Sauran ya iso ƙasa.

Kada a gama shi da gatarin aradu. Wannan ba daga sama ya zo ba, mutanen dauri ne suka sassaƙa shi, da shi suke sara tun ba a san ƙarfe ba.

Ran 21 ga Agusta 1991, dutse mai kilo 110 ya faɗo kusa da Tazarzait, cikin jahar Tawa. Wanda ya ga faɗowarsa yaro ne ɗan Abzinawa, mai shekara 7. Masana sun rubuta shaidar yaron nan cikin littafinsu. Sun ce shekarun irin wannan dutse sun kai miliyan 4.500. Dutsen kuwa an farfasa shi, gutsattsarinsa sun watsu cikin ƙasashe.

A Najeriya ma haka. Ran 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana cikin gonarsa a Zagami, ƙasar Katsina, sai ya ji ƙara. Dutse mai kilo 18 ya faɗi kamar taki uku ko huɗu daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Aka kai shi Kaduna aka ajiye. Daga baya aka gane daga duniyar Mars ya fito, jar duniyar nan mai kewaya rana kamar tamu.

Wani zai ce, ta ƙaƙa aka sani? Tambaya ce mai kyau. A 1976 kumbuna biyu na Amurka suka sauka a Mars, ba mutum a ciki, suka auna iskar wurin. Daga baya masana suka tarar da ƴar iska a kulle cikin waɗansu duwatsun da suka faɗo nan duniya. Da aka auna ta, sai ta zo daidai da ta Mars. Wani ƙaton dutse ne ya taɓa bugun Mars, gutsattsari suka yi tsalle suka fita sarari, kamar yadda tsakuwa ke tashi in an sari fako da gatari. Suka yi ta yawo shekaru masu yawa, kaɗan daga ciki suka faɗo nan. Waɗanda aka sani a duniya duka kimanin 400 ne.

Wanda ya fi su duka girma, a Nijar aka same shi. Ran 16 ga Nuwamba 2023 wani mai neman irin waɗannan duwatsu ya tsince shi cikin hamadar jahar Agadas. Nauyinsa kusan kilo 25. Ya fi duk abin da Apolo 11 ya kwaso daga wata, don su kilo 21 da rabi suka kawo. Dutsen ya bar ƙasa. An nuna shi a Italiya. Ran 16 ga Yuli 2025 wani kamfanin gwanjo mai suna Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyok, a kan dala miliyan 5 da dubu 300. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwa mai tamma biyar ba. In an juya su, sun kusa miliyar 3 na sefa. Ba a faɗi sunan wanda ya saya ba.

Kamfanin ya ce an bi ƙa'ida wajen fitar da shi. Gwamnatin Nijar ta ce tana shakka, ta sa a yi bincike. A watan Agusta 2025 kuma ta dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasar. Dama tun 1997 akwai dokar kare kayan gado na ƙasa.

Kuɗin da yawa, gaskiya ne, shi ya sa kowa ya riƙe zancen kuɗin. Amma akwai asarar da ba a cika faɗi ba. Ƴan Italiya sun ga dutsen. Ƴan Niyok sun gan shi kafin gwanjo. Ɗan lakwal na Agadas ko na Madawa sai dai ya gan shi a hoto cikin salula.

Ba wurin ajiya aka rasa ba. A Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa tun 1959, wanda yanzu ake kira da sunan Bubu Hama. Duk wanda ya kai yaro can ya san abin da ke faruwa. Yaro ya ga zaki, ya ga dorina, ya yi murna. Amma in ya iso gaban ƙasusuwan manyan dabbobin dauri da aka tono a Gadufawa, sai ya yi shiru, ya ɗaga kai. Can kuma aka ajiye icen Tenere, ƙwaya ɗayan nan da ke tsakiyar hamada, bayan mota ta kada shi a 1973. Da an bar shi can, da ya zama makamashin shayi. An ɗauko shi, an rubuta labarinsa, shi ya sa yara ke ganinsa har yanzu. Damagaram da Doso su ma suna da nasu ƙananan gidajen tarihi.

Saboda haka, makiyayi da manomi da mai neman zinariya, ku ne kuka fi kowa yawo a daji, ku za ku fara gani. Dutsen sama yakan fi sauran duwatsu nauyi in girmansu ɗaya. Bayansa baƙi ne ko ja-ja, kamar tukunyar da ta sha wuta, cikinsa kuwa yakan fi haske. Wani lokaci da ƴan lotsa-lotsa a jikinsa, kamar an danna yatsa a cura. Mai huje-huje kamar soso, galibi kashin maƙera ne ko marmara. Ba shi da dafi, ba ya kawo ciwo, kada a ji tsoro.

Kada a fasa shi don a ga ciki. Kada a wanke shi, kada a shafa masa mai. Kada a manna masa maganaɗisu, don yana ɓata wani abin da masana ke aunawa. A naɗe shi cikin tsumma mai tsabta. In wani baƙo ya zo da kuɗi a hannu yana gaggawa, yana cewa kada a faɗa wa kowa, to ya san abin da mai dutsen bai sani ba.

Nan ne karatunku zai yi aiki. A ɗauko kaye da bik. A rubuta ranar, da watan, da shekarar. A rubuta wurin: gonar wane, yamma ko gabas da wace rijiya. In an ga faɗowarsa, a rubuta lokacin, da gefen da hasken ya fito, da ƙarar da aka ji, da sunayen waɗanda suka gani, ko da yara ne. A yi takarda biyu. A kai guda wurin maigari, shi ya sanar da magajin gari ko farfe, su kuma su kira ma'aikatan ma'adinai. Guda ta zauna hannun wanda ya tsinta. In an zo karɓar dutsen, a nemi takardar shaida mai sa hannu da hatimi.

Kafin motar ta iso, a gaya wa mushen lakwal, ya zo da yara su gani, su ɗaga shi su ji nauyinsa.