Wa Ya Riga Mai Saye Yin Zaɓi?



Mas'alar da aka ɗora mini yau tsohuwar jayayya ce tsakanina da 'yan'uwanmu masana tattalin arziki, waɗanda duk sa'ad da aka ta da zancen yaɗuwar gidajen abincin Amurka a ƙasashen duniya sukan ce ai ba a tilasta wa kowa ba, mai saye ne ya zaɓa da kuɗinsa, saboda haka magana ta ƙare. Tarihin kuwa kun san shi: KFC ta buɗe a Beijin a 1987, McDonald's ta buɗe a Mosko a Janairun 1990 mutane suka yi dogon layi cikin sanyi, KFC ta iso Legas a 2009, Domino's ta biyo bayanta a 2012. Ban musa ba cewa masu layin nan da son ransu suka tsaya. Abin da nake musu shi ne a ce ihtiyari a gaban kanta yake farawa, alhali kafin mai saye ya buɗe baki an riga an yanke inda za a sayo dankali da kaza da mai, kuma ba a shawarce shi ba.

Babbar hujjata ita ce abin da ya faru a Kenya, kuma zan daɗe a kanta. A farkon Janairun 2022 KFC ta sanar da masu saye cewa soyayyen dankalinta ya ƙare, ta roƙe su su karɓi wani abu a madadinsa, har da ugali, watau tuwon masararsu. Wannan kuwa a ƙasar da dankalin turawa shi ne abinci na biyu bayan masara, inda manoman yankin Nyandarua suke kukan rashin kasuwa. Da aka bincika, sai ta bayyana cewa kamfanin, wanda ya shiga ƙasar tun 2011, daga Masar yake shigo da dankalinsa, yankakke, daskararre, kuma jinkirin jiragen ruwa ne ya tona asirin. Uzurin da aka bayar shi ne manoman gida ba su bi ta matakan tantancewar da uwar kamfani ta gindaya ba. To, jama'a, mutumin Nairobi da ya shekara goma yana cin dankalin nan, yaushe aka ajiye masa na Masar da na Nyandarua aka ce ya ɗauki ɗaya? Da ya samu labari ya fusata, aka yi ta kiran a ƙaurace wa kamfanin, sai ga shi an yi alkawarin neman dankalin gida. Ashe ra'ayinsa yana nan tun farko, ilimin abin ne aka hana shi, malamanmu na fiƙihu kuwa sun daɗe da karantar da mu cewa yarda a ciniki ba ta cika sai da sanin abin da ake saye.

Dalilin wannan shigo da kaya daga waje yana cikin tsarin wakilcin kamfanin kansa, domin ɗan kasuwar da ya karɓi sunan kamfani yana biyan kaso daga cinikinsa, yana kuma bin sharuɗɗan da suka ƙayyade irin dankali da tsawonsa da hannun da za a saya daga gare shi, ta yadda ko yana ƙaunar manomin Filato ba shi da ikon sayen buhu guda a wurinsa sai an yarje masa.

Za a ce mini ai kamfanonin nan suna bin al'adar mutane, a Indiya McDonald's ba ta sayar da naman shanu, a nan Nijeriya ma ana sayar da dafa-duka. Haka ne, amma wannan gyaran ɗanɗano ne kawai. Abin da ke sauya inda kuɗi ke zuwa shi ne doka. Nijeriya ta hana shigo da daskararrun kaji a 2003, sai ya zama dole manyan gidajen abinci su nemi kajin gonakinmu, ko da yake fasa-ƙwauri ta Kwatano bai daina ba. A shekarar 2003 ɗin kuma majalisar Ghana ta ƙara harajin kajin waje, aka janye shi bisa matsin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, har yau kuwa akasarin kajin da ake ci a can daga waje suke zuwa.

Shawarata ita ce wadda na daɗe ina bayarwa. Kada hukuma ta ba kowane irin gidan abincin nan izini sai da sharaɗin sayen wani kaso ƙayyadadde na kayansa a hannun manoman ƙasa, a kuma wajabta masa rubuta asalin dankalinsa da kazarsa, da yawan gishiri da sukari, a inda mai saye zai gani kafin ya miƙa kuɗi. Kuma hukumar da ke shimfiɗa wa baƙon kamfani tabarma a bakin babban titi, ta daina korar mai tsire da mai waina daga bakin titin nan, ta ba su rumfa da ruwan famfo da mai duba tsafta.