Gaɓar Teku da Buhun Riɗin Roni



Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga Badagry har iyakar Kamaru. Mutumin Gwiwa a Jigawa zai iya cewa me ya haɗa shi da ita, tun da tsakaninsa da Legas ya haura kilomita 1,000. To, kason da ƙaramar hukumarsa ke karɓa daga asusun tarayya duk wata, akwai kuɗin man da ake haƙowa a wannan gaɓa da cikin tekun. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta mallaka wa kowace ƙasa mai gaɓa kifi da mai da iskar gas har nisan mil 200 cikin ruwa. Iya tsawon gaɓarka, iya faɗin wannan gandu.

Sai dai tsawo kaɗai ba ya ciyar da kowa. Gaɓar Somaliya ta haura kilomita 3,000, amma shekarun da ta yi babu gwamnati mai ƙarfi, jiragen wasu ƙasashe ne suka yi ta kwashe mata kifi. Ta Togo kuwa ba ta cika kilomita 60 ba, ga shi tashar Lome tana cikin manyan tashoshin Afirka ta Yamma.

Mu nan Arewa, teku ta taɓa isko mu. Da layin dogo ya shigo Kano a 1911, gyaɗar da kakanninmu suka noma ta kama hanyar Legas zuwa Turai, dalar gyaɗa ta tashi. Yau riɗi da zoɓo ne suka gaje ta. Zoɓon Jigawa har Meziko ake shan sa. Amma ku bi buhu guda daga gonar Roni ko kasuwar Ɓaɓura. Dillali zai saya, tirela ta ɗauka, ta yi kwanaki a hanya tana biyan kuɗin man gas da na shingaye, sannan ta shiga layi a tashar Apapa. Duk wannan ɗawainiya daga farashin manomi ake zabge ta. Abin nan yana ci mini rai, domin manomin ne ya sha rana, shi ne kuma ya fi kowa ƙaramin rabo.

Shi ya sa layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya fi ƙarfin a kira shi aikin 'yan siyasa. Ta Kazaure ya bi, ya nufi Daura da Katsina da Jibiya. Ga kuma tashar tsandauri ta Dala a Kano, da aka buɗe a 2023, don a riƙa gama takardun kwastan a nan Arewa. Maƙwabtanmu na Nijar ba su da gaɓa ko taku ɗaya, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da aka rufe musu hanyar Kwatano bayan juyin mulkin Yulin 2023. Kayansu ma na neman mafita.

Saboda haka ina roƙon masarautar Kazaure da ƙananan hukumominta huɗu su zauna tun yanzu. A nemi a tanadi wajen lodin kaya a tashar Kazaure, a gina rumbuna da injinan tsaftace riɗi kusa da ita, a gyara hanyoyin da za su kawo amfanin gona daga ƙauyukan Roni da Gwiwa, manoma kuma su haɗa ƙungiyar da za ta iya cika kwantena da sunanta.