NACOS A KAN GARWASHI



Sa'ad da aka gayyace mu mu yi magana a kan wani abu daga cikin al'adun mutanen ƙetare, mun san da yawa daga cikinku sun zaci za mu ɗauko tsarin mulki ko tattalin arziki. To ga shi mun zo da zancen abinci, abincin ma ba na fada ba, na marmari ne wanda ake ci da hannu a bakin wuta. Dalilinmu shi ne, mun lura ɗan boko da zarar ya karɓi takardar shaida ya sami kujera, sai ya ɗauka hura wuta ƙasƙanci ne a gare shi, amma in ya ga hoton Ba'amurke yana gashi a daji sai ya ce wannan ita ce wayewa. Hoton yake sha'awa, sanin da ke bayan hoton kuwa bai dame shi ba. Wannan sanin muke so mu taɓa a daren nan.

Sunan abincin nacos. An haife shi a wani gari na arewacin ƙasar Meksiko da ake kira Piedras Negras, watau baƙaƙen duwatsu, saboda kwal da ke ƙarƙashin ƙasar wurin. Garin yana bakin kogin Rio Grande, a ƙetaren kogin kuma akwai garin Eagle Pass na jihar Teksas ta Amurka. A farkon shekarun 1940 waɗansu matan sojojin Amurka suka ƙetaro sayayya, yunwa ta kama su, suka shiga gidan abinci mai suna Victory Club, suka tarar ba mai dafuwa. Wanda suka samu shi ne shugaban masu kai abinci tebur, Ignacio Anaya. Maimakon ya ba su haƙuri ya sallame su, sai ya shiga madafa ya duba abin da ke akwai. Ya sami tortiya, wata gurasar masara mai faɗi marar kauri, ya yayyanka ta kusurwa uku-uku, ya soya, ya barbaɗa cuku, ya ɗumama har cukun ya narke, sa'an nan ya ɗora yankakken barkonon da suke kira halapenyo. Mutanen can suna taƙaita Ignacio su ce Naco, kamar yadda mu muke mai da Abubakar Habu. Matan suka tambayi sunan abincin, aka laƙaba masa sunan mai shi, ya kuwa bi shi har yau.

Anaya ya buɗe gidan abinci nasa daga baya a garin, ya rasu a 1975, bai taɓa yin rajistar mallakar abin da ya ƙirƙiro ba. Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1976, wani ɗan kasuwa mai suna Frank Liberto ya fara sayar da nacos a filin wasa na Arlington a Teksas, da wani cuku na masana'anta wanda aka sarrafa don ya zauna a narke, ana kwarara shi da ludayi. Wannan shi ya yaɗa abincin a duniya, shi ne kuma yawancin mutane suka sani. A ganinmu kwaikwayo ne, kuma mai rauni, amma ba za mu yi jayayya da wanda ya saba da shi ba.

Kafin mu je ga wutar, bari mu tsaya a kan masarar, domin a nan ne babban darasin yake. Masara 'yar asalin kudancin Meksiko ce, an fara nomanta a can shekaru wajen 9,000 da suka wuce, daga can ta bazu har ta iso gonakinmu, tare da 'yan garinsu barkono da tumatir. Amma mutanen Meksiko ba haka kawai suke niƙa ta ba. Sukan dafa ƙwayar a cikin ruwan farar ƙasa ko ruwan toka, su bar ta ta kwana a jiƙe, da safe su wanke, ɓawon ya fita, sa'an nan su niƙa ta zama ƙulli. Wannan aiki yana sa ƙullin ya yi danƙo har a iya faɗaɗa shi ba ya kakkarye, yana kuma ba shi ƙamshin da garin masara tsura ba ya da shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a cikin masara akwai wani sinadari da jiki ke bukata, niyasin, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya jan sa. Ruwan tokar nan shi yake kwance shi.

Da Turawa suka ɗauki masara zuwa ƙasashensu, iri suka ɗauka, suka baro dabarar. Talakawan Sifen da na arewacin Italiya suka mai da masara abincin safe da dare, sai ga wata cuta ta ɓullo: fata ta yi kaushi ta daddare duk inda rana ke taɓawa, gudawa ta biyo baya, hankali ya gushe, daga nan sai kabari. Likita Gaspar Casal ya bayyana ta a Sifen a 1735, daga baya aka sa mata suna pelagra. A kudancin Amurka, tsakanin 1906 da 1940, ta kama mutum wajen miliyan 3, ta kashe kimanin 100,000. Likita Joseph Goldberger ya fara bincikenta a 1914, ya nuna cewa ba ɗaukarta ake yi ba, daga abinci take, sai a 1937 Conrad Elvehjem ya gano cewa niyasin ne abin da ya ɓace. Shekaru ɗari biyu masana suna laluben abin da tsohuwa a ƙauyen Meksiko take yi kowace yamma da toka a hannunta. Rashin sani ya fi dare duhu, amma raina mai sani ya fi shi. Ku da za ku zama jami'an gona da na lafiya da na ilimi, za a riƙa kawo muku kaya daga waje, iri da injuna da tsare-tsare. Ku riƙa tambaya, ina tokar da ke tafiya tare da wannan?

To mu koma bakin wuta. A Teksas da maƙwabtanta mutane sukan fita daji su kafa tanti su kwana, nacos kuwa yana daga cikin abin da suke yi da dare, don ba ya bukatar kaya da yawa. Kuskuren da baƙo yake fara yi shi ne ya ɗora kasko a kan harshen wuta. Mu ma mun yi shi a gwajinmu na farko, muka sami ƙasa gawayi, sama ɗanye, hayaƙi ya cika mana ido. Dalilin a fili yake. Soyayyar tortiya busasshiya ce, ga mai a jikinta, ba ta jure zafi, ita ce kuma a ƙasa. Cukun da ake so ya narke yana sama inda zafi bai kai ba. A cikin tanda zafi yana zuwa ta kowane gefe, a daji kuwa ta ƙasa kaɗai yake zuwa, sai mutum ya yi dabarar juyo da shi.

Saboda haka a hura itace a bar shi ya ci, minti 30 zuwa 45, har harshen ya mutu, garwashi ya yi ja, farar toka ta fara lulluɓe shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai tsire ya ga yadda yake kafa tsinkensa nesa da harshe ya riga ya san wannan karatu. A ja garwashin gefe guda, a kafa duwatsu uku ko ragar ƙarfe, yadda kaskon zai zauna sama da shi da kamar taki ɗaya. Kaskon ya zama na baƙin ƙarfe mai kauri, domin shi yake rarraba zafi daidai. Na gwangwani yakan ƙona wuri ɗaya ya bar saura. In gasa ake yi da gawayi a murhu mai murfi, a tara gawayin a ɓangare ɗaya a ajiye kaskon a ɗayan.

Nama da wake a dafa su tun da farko, don 'yan mintocin da nacos zai yi a wuta ba za su dafa kome ba, ɗumi kawai za su ba shi. A tsane ruwansu sarai. A nan muna da gargaɗi ga wanda Allah ya kai shi waɗancan ƙasashe: a Meksiko sau da yawa da kitsen alade ake soya dakakken wake, tsiran nan nasu mai yaji da ake kira coriso shi ma yawanci na alade ne. A tambaya kafin a kai hannu.

A shafa ɗan mai a kasko, a shimfiɗa tortiya, a barbaɗa gurzajjen cuku, a sa nama da wake da albasa da barkono, a sake shimfiɗa ta biyu, a rufe da cuku. Hawa biyu ya isa. Mai haɗama yakan tula shi kamar dalar gyaɗa, sai tsakiya ta fito ba abin da ya taɓa ta. Game da cuku, ba kowane ne yake narkewa ba. Warar Fulani da busasshen cukun Abzinawa suna da daɗinsu, amma ko an kwana ana gasa su ba za su kwanta su yi yauƙi ba. Ana bukatar irin su ceda ko mozarela da ake samu a manyan kantuna.

Sa'an nan murfi, wanda shi ne asirin duka. A rufe kaskon da murfin ƙarfe, in babu a yi da takardar alminiyam, a ɗebi garwashi kaɗan a ɗora a kan murfin, zafi ya sauko ta sama. Bayan minti uku ko huɗu a juya kaskon, gefen da ke kusa da wuta ya koma nesa. Tsakanin minti biyar da goma an gama. Hanci ya fi agogo a wannan aiki: in ƙamshin gasasshiyar masara ya fara juyewa zuwa ƙauri, a sauke nan take, kada a tsaya shawara. In cuku ya wuce lokacinsa sai ya saki mai ya yi tauri kamar ƙirgi.

Duk abin da ke da ruwa, watau yankakken tumatir da albasa da aka matsa wa lemun tsami, da dakakkiyar fiya, da kindirmo mai kauri ga mai so, sai bayan an sauke ake ɗora shi, in ba haka ba tortiyar ta jiƙe ta zama fate. Ba a rabawa a faranti, kuma ba a ajiye wa wanda ya makara. A ɗora kaskon a kan dutse a tsakiya, a naɗe mariƙinsa da tsumma don kada wani ya manta ya kama, kowa ya sa hannu tun yana da zafi, domin minti goma kaɗai yake yi kafin ya huce ya daskare.

Wanda ya hura wutar shi zai kashe ta. A zuba ruwa, a motsa tokar da sanda, a sake zubawa, har mutum ya iya kusantar da bayan hannunsa bai ji ɗumi ba. Garwashin da aka binne da ƙasa yakan kwana da rai, in kuwa lokacin hunturu ne da ciyawa ta bushe, iska kaɗan ta ishe shi.

Shugaba, mun ga kana duban agogo.